Na'ura Mai Buɗaɗɗiyar Ƙira: Ma'anarta, Lasisinta da Amfaninta ga Al'ummar Jihar Sakkwato

Gabatarwa

Duk wanda ya zagaya ƙauyukan ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato zai ci karo da na'urori iri biyu. Akwai wadda idan ta lalace, bakanike na kusa zai kwance ta, ya sayo abin da ya mutu a kasuwa, ya mayar, kafin faɗuwar rana ta koma bakin aiki. Akwai kuma wadda da zarar ta tsaya sai a shiga jiran kamfanin da ya kawo ta ko ɗan kwangilar da ya girka ta, har tsatsa ta cinye ta a inda take. Sau da yawa abin da ya raba su biyun takarda ce: shin an ba jama'a bayanin yadda aka ƙera na'urar, kuma an yarje musu su gyara ta, su sauya ta, su ƙera irinta?

Wannan tambaya ita ce tushen abin da ake kira buɗaɗɗiyar ƙira. An shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara, da kwamitocin ruwa na ƙauyuka, da maƙera da masu walda, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda ke da alhakin sayo kayan aiki da dukiyar jama'a. Za a bayyana ma'anar al'amarin, da sharuɗɗansa, da matsayinsa a dokokin Nijeriya, da ire-iren lasisin da ake amfani da su, sannan a kawo shawarwari.

Ma'ana

Kalmar na'ura a nan ta ƙunshi duk wani abu da ake ƙerawa wanda hannu ke iya taɓawa: famfo, injin casa, murhu, akwatin busar da tumatir, allon lantarki, kayan gwaji na asibiti, har da teburin makaranta. Ƙira kuwa tana nufin ilimin yadda aka haɗa abin, wato zanensa, da awonsa, da kayan da aka yi shi da su.

Na'ura mai buɗaɗɗiyar ƙira ita ce wadda mai ita ya fitar da takardun ƙirarta fili, ya kuma ba kowa izini a rubuce ya yi abubuwa biyar: ya nazarci ƙirar, ya sauya ta, ya rarraba ta ga wasu, ya ƙera na'urar, ya kuma sayar da abin da ya ƙera. Idan ɗaya daga cikin biyar ɗin ya faɗi, ƙirar ba ta cika buɗaɗɗiya ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A unguwar Maƙera Assada da ke birnin Sakkwato, an daɗe ana ƙera fartanya da garma da lauje da gatari, kuma babu maƙerin da ya taɓa cewa siffar fartanya tasa ce shi kaɗai. Kowa ya gani ya kwaikwaya, wani ya ƙara mata faɗi, wani ya rage mata nauyi gwargwadon ƙasar da za a noma. Sai dai fartanya tana ɗauke da ƙirarta a jikinta, ido kaɗai ya ishi gwani. Na'urar da ke daidaita cajin batir a rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ba haka take ba. Ko an kwance ta, ba za a gane yadda take aiki ba sai da zane da kuma manhajar da ke cikinta. Saboda haka ne na'urorin zamani suke bukatar takardu, takardun kuma suke bukatar lasisi.

Cikakkun takardun ƙira sun haɗa da:

1. Zanen kowane sashe da awonsa.
2. Jerin kayan haɗi, tun daga irin ƙarfe da kaurinsa har zuwa noti da roba.
3. Bayanin yadda ake haɗawa, da gwadawa, da gyarawa.
4. Taswirar lantarki, idan na'urar tana da shi.
5. Manhajar da na'urar ba ta aiki sai da ita.

Taƙaitaccen Tarihi

Al'amarin ya samo asali ne daga fagen manhajar kwamfuta. A shekarar 1989 Richard Stallman na ƙasar Amurka ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar sauya manhaja da rarraba ta bisa sharaɗin shi ma ya bar tasa a buɗe. Daga bisani masu ƙera na'urori suka bi sahu. A 2005 aka fara ƙera Arduino a garin Ivrea na Italiya, wani ƙaramin allon lantarki da ɗalibai da masu sana'a ke sarrafa na'urori da shi, aka kuma fitar da zanensa fili. A wannan shekarar ce Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, injin da ke narka roba ya fitar da abu a cikakkiyar siffarsa. A 2007 wata ƙungiyar masu sha'awar rediyo a Amurka mai suna TAPR ta fitar da lasisi wanda aka rubuta musamman domin na'urori.

Da abin ya yaɗu, sai aka ga bukatar ma'ana guda wadda kowa zai koma gare ta, domin wasu sun fara laƙaba wa kayansu sunan alhali sun ɓoye rabin takardun. Bayan wani taro da aka yi a birnin New York a 2010, an fitar da rubutacciyar ma'ana a watan Fabrairu na 2011. A 2012 aka kafa ƙungiyar OSHWA wadda ke kula da wannan ma'ana, kuma a 2016 ta fara ba da shaida kyauta ga na'urorin da suka cika sharuɗɗa, kowace da lambarta mai farawa da haruffa biyu na ƙasar da ta fito. A 2020 hukumar ƙa'idojin masana'antu ta Jamus ta fitar da ƙa'ida mai lamba DIN SPEC 3105, wadda ta fayyace irin takardun da ake bukata.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A 2013 wani mai sana'a a birnin Lome na Togo, Afate Gnikou, ya haɗa injin irin na RepRap da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. A 2018 aka yi taron farko na masu wannan fage na nahiyar a Kumasi ta ƙasar Gana. Haka kuma masana a Ingila tare da injiniyoyi a Tanzaniya sun ƙera madubin duba ƙwayoyin cuta mai suna OpenFlexure, wanda kowa ke iya samun takardunsa.

Sharuɗɗan Buɗaɗɗiyar Ƙira

Ma'anar 2011 ta ƙunshi sharuɗɗa 12. Ga muhimmai daga cikinsu:

Na farko, dole takardun su samu a sauƙaƙe, ko tare da na'urar, ko ta intanet, ko a kan kuɗin da bai wuce na buga su ba. Kuma dole a ba da su a sigar da za a iya sauyawa. Hoton zane wanda ba a iya gyara shi, ko zanen da aka cire wa awo da gangan, bai wadatar ba.

Na biyu, dole mai ƙira ya fayyace wane sashe ne a buɗe, wane ne a rufe. Mai yiwuwa akwatin na'ura a buɗe yake amma allon lantarkinta a rufe, to wajibi ne a faɗa.

Na uku, ba a hana ciniki. Duk lasisin da ya ce a yi amfani da ƙira amma kada a sayar, ya fita daga ma'anar. Haka nan ba a neman wani kaso daga wanda ya ƙera ya sayar.

Na huɗu, ba a nuna bambanci tsakanin mutane, ko ƙasashe, ko sana'o'i. Izinin da aka ba babban kamfani shi ne aka ba mai walda a bakin hanya.

Na biyar, izinin yana bin ƙirar duk inda ta je. Wanda ya karɓa daga hannu na goma yana da 'yancin da na farko yake da shi, ba sai ya koma neman sabuwar takarda ba.

Mai ƙira kuwa yana da damar gindaya sharaɗin a ambaci sunansa, da sharaɗin wanda ya sauya ƙirar ya sa mata wani suna dabam, da sharaɗin a bar sauye-sauyen a buɗe.

Ya kamata a lura cewa buɗaɗɗiyar ƙira ba ta nufin na'ura kyauta. Ilimin ne ake bayarwa, amma ƙarfe da roba da ladan aiki sai an biya. Maƙeri yana cin ribarsa kamar kullum. Abin da ya sauya kawai shi ne ba shi da ikon hana wani maƙerin yin irin aikin.

Misali Daga Rijiyoyin Karkara

Babu misalin da ya fi kusa da mutanen karkara kamar famfon tuƙa-tuƙa. An ƙera famfon India Mark II a ƙasar Indiya cikin shekarun 1970, da haɗin gwiwar gwamnatin ƙasar da asusun UNICEF, aka kuma bar ƙirarsa ga kowa. A shekarun 1980 aka ƙera Afridev a Malawi da Kenya, da niyyar mutanen ƙauye su iya gyara shi da kansu da 'yan kayan aiki kaɗan. An kuma inganta na Indiya aka sami India Mark III, wanda ake iya zaro fistinsa a sauya roba ba tare da an ciro bututun duka ba. Nijeriya ta ɗauki India Mark III da Afridev a matsayin famfunan da aka amince da su a karkara, ana kiransu RUWATSAN 1 da RUWATSAN 2. Ƙungiyar RWSN, mai ofishi a ƙasar Suwizalan, ita ke adana cikakken zanen waɗannan famfuna tana ba duk mai so.

Waɗannan famfuna sun girmi ma'anar 2011, kuma ba su ɗauke da lasisi irin na yanzu. Duk da haka sun nuna amfanin abin a fili. Tun da babu kamfani guda da ya mallaki ƙirar, masana'antu da yawa suna ƙera su, sarƙa da boris da robar wannan suna shiga na wancan, kuma bakaniken da ya koyi gyaran guda ya iya gyaran dubu.

Sun kuma nuna inda haɗarin yake. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya gano cewa kimanin kashi 22 cikin ɗari na famfunan hannu a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa aiki. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga cikin waɗanda RWSN ta daɗe tana jan kunne a kansu shi ne kayan gyara marasa inganci, da bututun ƙarfe da ke saurin tsatsa a ruwan da ke cin ƙarfe. Idan kowa yana da izinin ƙerawa, to da gwani da ɗan koyo duk za su ƙera. Araha ba ta ado. Buɗe ƙira yana magance matsalar rashin kayan gyara, amma matsalar jabu sai da ƙa'ida da sa ido.

Matsayin Doka a Nijeriya

Kafin a fahimci lasisi, sai an san haƙƙin da doka ta ba mai ƙira, domin mutum ba ya ba da izini a kan abin da ba nasa ba. Haƙƙoƙi huɗu ne suka shafi na'ura.

1. Haƙƙin mallakar rubutu da zane. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ce ke kare rubutu da zane da manhaja. Wannan haƙƙi yana tabbata da zarar an rubuta abu, ba sai an yi rajista ba, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da shi. Amma yana kare takarda ne da abin da ke cikinta, ba ya kare dabarar yadda na'ura ke aiki.

2. Haƙƙin ƙirƙira. Dokar 1970 ta ƙirƙire-ƙirƙire da fasalin kaya ita ce ke kare sabuwar dabara. Sai an nema a ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Wa'adinsa shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da takarda, ana kuma biyan kuɗi duk shekara, idan aka daina biya ya faɗi. Wanda ke riƙe da shi yana da ikon hana wasu ƙerawa da sayarwa. Bayan wa'adin, dabarar ta zama ta kowa.

3. Haƙƙin fasali. Wannan dokar ta 1970 tana kuma kare siffar kaya da adonsu na tsawon shekara 5, ana iya sabuntawa sau biyu, jimla shekara 15.

4. Tambarin kasuwanci. Dokar 1965 tana kare suna da alamar da ɗan kasuwa ke sa wa kayansa. Rajistar farko ta shekara 7 ce, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Daga wannan bayani za a fitar da abubuwa huɗu masu muhimmanci. Na ɗaya, lasisin na'ura bai kai na manhaja ƙarfi ba. Wanda ya kwafi takardun ƙira, sharuɗɗan lasisi sun hau kansa. Amma wanda ya sayi na'ura a kasuwa, ya auna ta da kansa, ya ƙera mai aiki irin nata, galibi babu abin da zai hana shi sai in akwai haƙƙin ƙirƙira mai rai.

Na biyu, doka ba ta ba da haƙƙin ƙirƙira sai ga sabon abu wanda ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya. Saboda haka wanda ya fitar da ƙirarsa fili kafin ya yi rajista, a mafi yawan hali ya rufe wa kansa ƙofar rajista, ya kuma rufe wa wasu. Wannan kariya ce ga mai son abinsa ya zama na kowa, gargaɗi ne kuma ga mai niyyar rajista. Wajibi ne a yanke shawara tun kafin a wallafa.

Na uku, ofishin rajista a Nijeriya yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce. Mai yiwuwa wani ya yi rajistar abin da aka riga aka buɗe. Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da reshe a birnin Sakkwato, ita ke da hurumin soke irin wannan rajista, kuma hujjar da za a nema ita ce shaidar ranar da aka fara wallafa ƙirar. Don haka a adana ta.

Na huɗu, haƙƙin ƙirƙira yana tsayawa a kan iyakar ƙasa. Wanda aka yi wa rajista a wata ƙasa ba ya aiki a Nijeriya sai an yi masa rajista a nan. Jamhuriyar Nijar kuwa tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, wadda rajistarta guda ke aiki a dukkan ƙasashen ƙungiyar. Mai ƙera na'ura a Sakkwato da ke son kai ta Birnin Ƙonni ta Illela ya san cewa ya shiga hurumin wata doka.

Ire-iren Lasisi

Lasisin da ake magana a kai ya bambanta da lasisin tuƙi ko na kasuwanci. Ba a zuwa ofishin gwamnati a saye shi. Takarda ce da mai ƙira da kansa yake haɗawa da takardunsa, yana sanar da duniya abin da ya yarje da sharuɗɗan da ya gindaya. Ya yi kama da waƙafi ta fuskar cewa amfanin na jama'a ne bisa sharaɗin mai bayarwa, sai dai a nan mallakar ba ta fita daga hannun mai ita ba, izini kawai ya bayar. Kuma ba a so kowa ya rubuta nasa. An fi son a ɗauki ɗaya daga cikin sanannun lasisi waɗanda masana doka suka tsara.

Mafi shahara shi ne na CERN, cibiyar binciken kimiyya ta ƙasashen Turai da ke kusa da birnin Jeniba. An fitar da na farko a 2011, aka fitar da na biyu a watan Maris na 2020, ya kasu gida uku. Domin a gane bambancinsu, a ɗauka cewa wani mai walda a Sakkwato ya samo ƙirar akwatin busar da kayan lambu da hasken rana, ya faɗaɗa shi ya ƙara masa fanka domin tumatir da tattasai na fadamun Kware da Goronyo, ya fara sayarwa.

CERN-OHL-P, mai sassauci. Abin da ke kansa shi ne ya bar sunan mai ƙirar asali da takardar lasisi, ya kuma nuna cewa ya yi sauyi. Yana iya riƙe sabon zanensa a matsayin sirrin sana'arsa.

CERN-OHL-W, matsakaici. Duk sauyin da ya yi a jikin ƙirar da ya karɓo dole ya fitar da shi fili. Amma idan ya jona wani sashe dabam, alal misali na'urar sarrafa fanka da ya ƙera da kansa, yana iya barin wannan sashen a rufe.

CERN-OHL-S, mai tsanani. Da zarar ya sayar ko ya ba wani na'urar, dole ya fitar da cikakkun takardun abin da ya gina a kan ƙirar, a ƙarƙashin wannan lasisin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A dukkan ukun, wanda ya sauya ƙira domin amfanin kansa kawai, bai ba kowa ba, babu tilas a kansa ya wallafa. Dukkansu kuma sun ƙunshi izini a kan haƙƙin ƙirƙira na mai bayarwa, wato ba zai dawo daga baya ya kai mai ƙerawa ƙara ba.

Akwai kuma lasisin TAPR na 2007, wanda ke cikin masu sharaɗin a mayar da alheri, da lasisin Solderpad wanda ke cikin masu sassauci. Wasu suna amfani da lasisin Creative Commons, musamman CC BY mai neman a ambaci suna, da CC BY-SA mai neman a bar sauyi a buɗe. Waɗannan sun dace da littafin bayani da hotuna, amma ba su ba da izini a kan haƙƙin ƙirƙira ba. Duk wanda ke ɗauke da haruffan NC ya hana ciniki, mai ɗauke da ND kuma ya hana sauyi, saboda haka su biyun ba sa cikin buɗaɗɗiyar ƙira.

Babu lasisin da ke ba da izinin amfani da tambarin wani. Kowa na iya ƙera allo irin na Arduino ya sayar, amma ba shi da damar buga masa sunan Arduino kamar daga kamfanin ya fito.

Inganci da Alhaki

Kusan dukkan waɗannan lasisi sun bayyana cewa mai ƙira bai ɗauki alhakin ingancin na'ura ko ɓarnar da za ta iya jawowa ba. Alhakin yana kan wanda ya ƙera ya sayar. Har ila yau, lasisi ba ya ɗauke wa kowa bin dokokin ƙasa. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, suna nan daram, kuma kayan aikin asibiti sai da amincewar NAFDAC kafin a yi amfani da su a kan marasa lafiya. Shaidar OSHWA tana tabbatar da cewa takardu a buɗe suke, ba ta tabbatar da cewa na'ura tana da ƙarko.

Shawarwari ga Jami'an Ƙananan Hukumomi

Kafin a sa hannu a kan kwangilar sayo na'ura ko ƙera ta, yana da kyau a nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce:

1. Za a miƙa cikakkun takardun ƙira da jerin kayan haɗi tare da na'urar? A wace siga?
2. Wane lasisi ne a kansu? A ambaci sunansa da lambarsa, kada a karɓi alkawarin baki.
3. Wane sashe ne a rufe, kuma idan ya lalace a ina ake samun madadinsa?
4. Akwai manhaja ko lambar sirri da na'urar ba ta tashi sai da ita? A hannun wa za ta zauna?
5. Ana samun kayan gyara a kasuwannin Sakkwato, ko sai an yi oda daga nesa?
6. Wace ƙa'idar inganci aka bi, kuma wa zai duba kayan kafin a biya?
7. Idan da kuɗin jama'a aka biya ladan ƙirar, wa ya mallake ta?

Game da tambaya ta ƙarshe, dokar 1970 ta tanadi cewa dabarar da aka ƙirƙiro a bakin aikin albashi ko a cikin aikin kwangila, haƙƙin rajistarta na wanda ya ba da aikin ne. Duk da haka, gara a rubuta shi ƙarara a cikin yarjejeniya, a kuma nuna wa lauyan hukuma kafin a sa hannu. Ƙaramar hukumar da ta biya aka ƙera mata ingantaccen murhu ko injin casa, idan ta buɗe ƙirar, sauran 22 ba sai sun sake biyan kuɗin aiki guda ba.

Haka kuma a ajiye kwafin takardun a wurare uku: sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, da hannun kwamitin ƙauyen da aka girka na'urar, da hannun bakaniken yankin. Idan da hali a fassara bayanin gyara zuwa Hausa, da boko da ajami. Lasisin buɗaɗɗiyar ƙira da aka ambata a sama duk sun halatta fassara. A harkar famfuna kuwa, a tuntuɓi hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, RUWASSA, domin a tsaya a kan nau'in da aka amince da shi.

Shawarwari ga Maƙera da Masu Ƙirƙira

Birnin Sakkwato yana da wuraren da ake ƙirƙirar na'urori masu amfani ga karkara. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki a kan murhun hasken rana, da akwatin busar da amfanin gona, da murhu mai rage cin itace, da na'urar samar da iskar gas daga kashin dabbobi. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ma suna ƙera na'urori a ayyukansu na kammala karatu. Duk irin wannan ƙira, ba ta isa ƙauye sai ta bi ta hannun maƙeri ko mai walda, shi kuwa yana bukatar zane da izini.

Mai son buɗe ƙirarsa ya bi waɗannan matakai. Ya tabbatar cewa tasa ce, idan kuma ma'aikaci ne ko ɗalibi ya nemi amincewar hukumar da yake ƙarƙashinta. Ya yanke shawara a kan rajistar haƙƙin ƙirƙira tun da wuri, kuma ofishin NOTAP na tarayya yana taimaka wa masu ƙirƙira a wannan fanni. Ya kammala takardu yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya ƙera na'urar. Ya zaɓi lasisi guda, ya rubuta sunansa da shekara da sunan lasisin a kan kowace takarda. Ya wallafa a inda kwanan wata zai tabbata. Daga ƙarshe ya yi wa tambarinsa rajista, domin idan kowa na iya ƙera irin na'urarsa, sunansa da ingancin aikinsa su ne jarinsa.

Kammalawa

Ba kowace na'ura ce za a samu da buɗaɗɗiyar ƙira ba. Farantin hasken rana da batir da injin ban-ruwa, akasarinsu ƙirar kamfanoni ce a rufe, kuma za a ci gaba da sayen su. Abin da ake bukata shi ne mai saye ya san irin wadda yake saye tun kafin ya biya, ya kuma tanadi hanyar gyara daidai da haka. Inda aka sami na'urori biyu masu inganci ɗaya da farashi makusanci, wadda ta zo da takardunta da lasisinta ita ce ƙauye zai iya riƙewa bayan ɗan kwangila ya tafi. Domin haka ana jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi, da kansiloli, da uwayen ƙasa, da kwamitocin ƙauyuka, cewa a ranar karɓar kowace na'ura su tambayi takardun ƙirarta kamar yadda suke tambayar rasit.